Charmaine da Bashin Makarantar Gyaran Gashi

Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye a bayan kujerar gyaran gashi a garin nan namu na Mobile, kuma 'yan matan da suka kama hayar kujera a shagona sun haura talatin. Wasu sun yi wata uku sun gudu, wasu aure ya kai su Atlanta, ɗaya ma ta tafi da na'urar busar da gashina ba ko sallama. Amma in aka ce in ba da labarin mutum ɗaya a cikinsu, Charmaine Pettway zan ɗauka.

Na san ta tun tana zanen goyo, domin cocinmu ɗaya da kakarta. A hannun kakar ta tashi, a wani gidan katako da ke bayan layin dogo a Prichard, kuma a barandar gidan ta koyi kitso. Tana 'yar shekara sha biyu, duk yaran layin a tsakanin gwiwoyinta suke zama ranar Asabar. Hannunta ba zafi, tsagarta kuwa kamar an ja da rula.

Da ta gama sakandare ba ta wuce gaba ba. Ta haifi 'yarta Keandra, uban yarinyar ya tafi Texas neman aiki ya manta hanyar gida, ita kuma ta kama aiki a wani ƙaton sito kusa da tashar jiragen ruwa, tana liƙa takardu a jikin kwalaye. Dala sha biyu a awa, ga inshorar lafiya ita da 'yarta. Shekara tara ta yi a wurin. Ranakun hutu tana yi wa mata gyaran kai a kicin ɗinta, amma a ɓoye, tunda ba ta da lasisi, kuma kullum gabanta na faɗuwa kada wata ta kai ƙararta hukuma.

Wata rana a cikin bas ta ga tallan wata makarantar koyon gyaran gashi, irin masu zaman kansu ɗin nan. Ta ce min lekawa kawai ta je yi. Matar da ta tarbe ta, mai dogayen farce jajaye, ta ba ta lemo mai sanyi, ta karɓi wayarta ta kalli hotunan kitson da take yi, ta dafe ƙirji.

"Ke da wannan hannun kike zaune a sito?" in ji matar. "Shekara biyu ta yi yawa kin buɗe naki shagon. Ɗalibanmu akwai masu kwasar dala dubu hamsin a shekara."

"Nawa ne kuɗin makarantar?"

"Kar wannan ya dame ki, 'yar uwa. Gwamnati za ta ɗauki wani ɓangare kyauta, sauran kuma rance ne. Ko sisi ba za ki biya ba sai kin gama kin fara aiki."

Kuɗin dala dubu sha tara ne, har da jakar kayan aiki. Tallafin gwamnati ya ɗauke dubu biyar, dubu sha huɗu ya zama bashi a wuyanta. A ranar ta sa hannu, wuri goma sha ɗaya. Ba ta yi shawara da ni ba, ba ta yi da kowa ba. Daga baya na tambaye ta dalili, ta ce, "Anti Geneva, tsoro na ji kada ki hana ni."

Awa dubu ɗaya da ɗari biyar hukuma take so mutum ya cika kafin ya zauna jarrabawar lasisi. Dole ta ajiye aikin sito, inshora ta bi aikin, ta koma sayar da abinci a wani wuri Asabar da Lahadi. Watannin farko a kan kawunan roba suke koyo. Nata kan robar ta raɗa masa sunan tsohon shugabanta na sito, ta ce shi ya sa take jin daɗin soka masa fil. Daga nan aka fito da su wurin mutane na gaskiya. Masu zuwa gyaran kai suna biyan makaranta, ɗalibai su yi aikin, ba a ba su komai sai ɗan tukwicin da aka cusa musu a aljihu.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, littafin da suke karantawa kaurinsa ya kai bulo, amma gashi irin namu na baƙar fata bai samu wani wurin kirki a ciki ba. Duk baƙar macen da ta shigo, malamar sai ta ce, "Charmaine, zo ga taki." Har ta kai malamar na tsayawa a bayanta tana kallon yadda take yi.

"Ni nake biya, ni nake koyarwa," haka ta ce min wata Lahadi a bakin coci. "Kin taɓa ganin irin wannan ciniki?"

Duk da haka ba ta ce ba ta ƙaru ba. A can ta koyi haɗa rini, da yankan almakashi, da sanin maganin da zai cinye gashi in aka haɗa shi da wani. Waɗannan ba a koyonsu a baranda.

Saura wata biyu ta gama, asmar Keandra ta tashi, suka yi mako uku tsakanin asibiti da gida. Da ta koma aka nuna mata wani layi a cikin takardun da ta sa wa hannu: duk awar da ta wuce ranar da aka yi alkawarin gamawa, dala goma ce. Awa casa'in ta rage mata. Ta sayar da talabijin da sarƙar kakarta ta biya, ta zauna jarrabawa, ta ci a zama ɗaya.

Aikin da ta samu a wani shagon aski ne na cikin babban kanti, mai rassa a ko'ina. Dala takwas a awa, sai tukwici. Minti sha biyar ake ba kowane kai, manaja na tsaye da agogo. Wadda ta bar dala sha biyu don ta ci gaba, ga ta tana karɓar takwas, ƙafafunta na kumbura, babu inshora. Bayan wata shida wasiƙar masu bin ta bashin karatu ta iso: dala ɗari da sittin da biyu duk wata, har shekara goma. Ta biya sau huɗu ta kasa. Ta buga musu waya, suka ce ba komai, za a ɗaga mata ƙafa shekara guda. Ta yi godiya har da addu'a. Shekara ta cika ta sake roƙo, aka sake ɗagawa. Abin da ba ta kama ba shi ne, ɗaga ƙafar bai tsayar da kuɗin ruwa ba.

A lokacin ne ta zo wurina. Ranar Litinin ce, ba na buɗe shago, ina ciki ina wanke mataji. Ta shigo da ambulan a hannu, ta zauna a kujerar wankin kai, ta miƙo min. Bashin dubu sha huɗu ya zama dubu sha shida da ɗari takwas.

"Anti, na biya su sau huɗu fa," ta ce. "Ina kuɗina suka shiga?"

"Cikin ruwa, 'yata."

Ta juya ambulan ɗin. A bayansa ta ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya abin da take samu a aski, ɗaya gefen abin da sito za su ba ta, don ta je ta tambaya, sun ce ta dawo a kan sha uku da rabi. Ko makaho ya shafa ya san gefen da ya fi nauyi.

"Komawa zan yi," ta ce. "In rataye lasisin a bango, in riƙa liƙa takarda a kwali ina biyan kuɗin karatun da ba na aiki da shi."

Na daɗe ina kallon lissafin. Gaskiya ba ni da abin da zan ƙaryata a ciki. Amma na san hannun yarinyar nan, kuma kujerata ta uku ta yi wata biyar ba kowa.

"Hayar kujera dala ɗari da goma ce a mako," na ce mata. "Abin da kika samu bayan wannan naki ne, kayan aiki ke za ki saya, haraji ke za ki biya. Wata biyun farko na yafe miki haya, amma wankin tawul ya zama naki."

"In ban samu mutane ba fa?"

"Sai ki koma sito da tawul masu tsabta a bayanki. Ni kam ba zan yi miki alkawarin dubu hamsin ba, ni ma ban taɓa ganinsu ba."

Ta yi dariya, irin wadda hawaye ke biyo baya. Ta ce za ta gwada zuwa bikin Ista. In Ista ta zo abin bai tsaya da ƙafarsa ba, ta haƙura.

Ba zan ɓoye ba, watannin nan sun yi tsauri. Matan da take yi wa gyara a kicin sun saba da farashin kicin, da suka ji na shago rabinsu suka ɓace. Akwai makon da bayan haya da kuɗin mai da rini, abin da ya rage mata bai kai dala ɗari biyu da hamsin ba. Shinkafa da jan wake ta riƙa zuwa da su a roba kullum, har na fara cewa na dafa kifi ya yi min yawa don ta ci ba tare da ta ji kunya ba.

Cikin masu zuwa wurina akwai Mama Eula Broadnax, 'yar shekara tamanin da huɗu, wadda ta yi shekara talatin tana dafa wa yara abinci a makarantar firamare. Duk Juma'a biyu take zuwa a miƙar mata da furfurarta da mataji mai zafi, a naɗe mata ita, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa kanta sai ni. Wata Juma'a kafaɗata ta riƙe, ko ɗaga hannu ba na iyawa, na ce Charmaine za ta yi mata.

Mama Eula ta dube ta daga sama har ƙasa ta saman tabarau.

"Ke ce 'yar makarantar? Wadda ta ci bashi don ta koyi taje kai?"

"Ni ce, Mama."

"To ki kula da kunnena. Kunnen nan ya saurari fasto bakwai, ya raka shida makabarta. Ba ke za ki ƙona shi ba."

"In na ƙona shi, Mama, sai in ba ki nawa."

"Naki da ba ya jin magana? Riƙe abinki."

Da aka gama ta daɗe tana juya kai a gaban madubi. Ba ta yaba ba, don ba halinta ba ne. Amma a zuwanta na gaba, kafaɗata ta warke sarai, ta wuce ni ta je ta zauna a kujerar Charmaine. Na ce, "Au, Mama Eula, shekara ashirin da biyu, haka za mu rabu?" Ta ce, "Geneva, hannunki ya tsufa, kin fara jan mutum kamar kina cire ciyawa."

Wata rana tana ƙarƙashin mataji ta ce wa Charmaine, "Ranar da na tafi, ke za ki gyara min kai. Kar ki bar Hargrove ya taɓa ni. Kin ga yadda ya yi wa Lucille? Na leƙa akwati na zaci ƙanin mijinta ne a kwance."

Duk shagon aka kwashe da dariya. Mista Hargrove shi ne mai gidan shirya gawa na unguwarmu, ubansa ma aikin ya yi. Charmaine ta ce, "To, Mama," kamar yadda ake ce wa tsofaffi.

A watan Fabrairu, saura mako bakwai Ista, Mama Eula ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba. Washegari wayar shago ta yi ƙara, Mista Hargrove ne yake neman Charmaine. Ashe tsohuwar ta je ofishinsa da ƙafarta ta sa an ƙara a takardar jana'izarta, da sunan Charmaine da lambar shagona.

Ta ajiye wayar ta juyo gare ni.

"Anti, ni ko gawar kakata ban iya kallo ba."

"To ki ce masa ba za ki iya ba."

"Na ce mata to."

Na raka ta da safe. Mista Hargrove dogo ne, mai magana a hankali kamar kada ya tashi wani daga barci. Ya kai mu wani ɗaki mai sanyi, fes da shi, Mama Eula na kwance an lulluɓe ta zuwa wuya, kanta a kan ɗan matashi. Ya ce wa Charmaine ta rage wutar matajin, don gashin mamaci ba ya ɗaukar zafi kamar na mai rai, kuma gaba da gefe kawai za ta gyara, tunda ƙeya ba mai ganinta a akwati.

Ta fi minti biyar a tsaye da mataji a hannu. Sannan ta kai yatsa ta taɓa furfurar, ta yi tsaga. Daga nan hannun ya karɓi aikinsa. Ina gefe ina kallo, sai na ji ta ce, "Mama, ɗan juyo min kaɗan." Ta tsaya cak da ta ji abin da ta faɗa. Ta dube ni, na dube ta, muka fashe da dariya muna share hawaye. Daga nan ta ci gaba da yi mata hira har ta gama, tana ba ta labarin wadda ta zo coci da hular da ta fi ƙarfin kanta. Ƙeyar ma sai da ta sa Mista Hargrove ya tallafa mata ta gyara.

"Ba mai gani fa, 'yata," ya ce.

"Ita za ta sani."

Da za mu fita ya miƙo mata ambulan, dala saba'in da biyar. Ta maƙe hannu ta ce ita ba don kuɗi ta yi ba. Ya ce, "Ba nawa ba ne. Ta biya tun tana raye, har ta yi min ciniki. In kin ƙi karɓa, ni ban san inda zan mayar mata ba."

Ranar jana'iza coci ya cika. Mata suna wucewa ta gaban akwatin ɗaya bayan ɗaya, ina jin suna raɗa, "Eula ce sak. Kamar za ta buɗe ido ta zage mu." Kafin a gama cin abinci a zauren coci, mutum huɗu sun tambaye ni wa ya yi kan.

Abin bai zo da gudu ba, amma ya zo. Mista Hargrove ya fara kiranta, wani makon sau biyu, wani makon ko sau ɗaya babu. Iyalai su kawo hoton mamaciyar na lokacin da take da lafiya, Charmaine ta jingina shi a gefe ta yi aiki da shi. 'Ya'yan waɗanda ta gyara suka fara zuwa kujerarta a shago. Wata ta roƙe ta ta je gida ta wanke wa mahaifiyarta kai, don ba ta iya fita. Daga gida ɗaya ya zama biyar, daga nan wani gidan kula da tsofaffi ya ba ta ranar Talata sukutum. Ista ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna da maganar sito.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. Wata mai zuwa wurinta, tana zaune an riga an ɗaura mata mayafi, ta ce, "Wai da gaske ne abin da na ji? Da hannun nan kike taɓa gawa?"

"Da shi ne. Kayan aikinsu daban, jakarsu daban, ba sa shigowa nan. Hannun dai guda biyu Allah ya ba ni, kuma ina wanke su."

Matar ta kwance mayafin ta fita, ba ta sake dawowa ba. Mutum uku ta rasa a haka. Ya yi mata ciwo, na gani a fuskarta, amma da na yi mata magana sai ta ce, "Bar su, Anti. Waɗancan na wurin Hargrove ba sa latti, ba sa neman ragi, ba wadda ta taɓa cewa ba haka ta ce a yi mata ba."

Tun ambulan na farko ta yanke wa kanta hukunci: kuɗin da ya fito daga gidan Hargrove ba za ta ci abinci da shi ba, ba za ta sai sutura ba, duk bashi za ta tura. Abin da take samu a kujera da gidan tsofaffi shi ne na haya da cefane. Yawancin watanni abin da take turawa ya ɗara abin da suke nema. Akwai lokutan da ta karya dokar. Motarta ta mutu a kan gada sai da aka sake mata inji. Wata shekara haraji ya zo mata da nauyin da ba ta shirya masa ba. Keandra ta sake kwanciya asibiti. Duk sanda haka ta faru sai ta yi kwana biyu ba ta walwala, sannan ta koma kan hanya.

Shekara biyar ana haka, sai annoba ta zo. Aka rufe mana shago makonni, aka hana kowa shiga gidan tsofaffi. Aikin Hargrove ne kawai ya rage, shi ma yawancin akwatunan a rufe ake binne su. Waɗanda aka yarda a gyara, da yawa matan Talatarta ne, waɗanda ta san inda kowace take son tsagarta ba sai an kawo hoto ba. Cikin wata ɗaya ta gyara shida daga cikinsu. Ta kira ni wata rana da hantsi daga cikin mota, ta ce, "Anti, ni wannan kuɗin ba na son sa." Na riƙe wayar har ta gama kuka.

A lokacin gwamnati ta dakatar da karɓar irin wannan bashi, ta tsayar da kuɗin ruwa. Kowa ya ce mata ta daina biya, wataƙila ma a yafe gaba ɗaya. Ni kaina na faɗa mata haka. Ta ce, "An taɓa ɗaga min ƙafa, na ga yadda ta kaya. Yanzu da ruwan ya tsaya, kowace dala jikin bashin take ci. In sun yafe wa wasu ina taya su murna, ni dai sifili nake so in gani da idona." Ko dabara ce ko taurin kai, har yau ban yanke ba.

Wata Laraba da rana, a watan Oktoba na shekarar da ta biyo, shago ba cika sosai, mata biyu na ƙarƙashin na'urar busar da gashi, na ga ta shiga ɗakin da muke ajiye tawul da waya a kunne. Ƙofar ba ta rufuwa da kyau, don haka ina ji. Dala ɗari biyu da sha huɗu ne suka rage a bashin. Ta karanta lambar katinta, aka yi shiru, sai na ji ta ce, "Don Allah sake faɗa min." Aka sake yin shiru. "Yi haƙuri, baiwar Allah, sau ɗaya kuma."

Ta fito ta tsaya a tsakiyar shago, hannu biyu a sake.

"Ta ce ba sa bi na komai."

Na ajiye almakashi. Matan nan biyu suka ɗaga murfin na'ura suna tambayar wa ya mutu. Na ce ba wanda ya mutu, bashi ne. Ɗaya daga cikinsu, mai waƙa ce a coci, ta ɗaga murya nan take da roba a kanta, muka amsa mata. Na aika aka sayo burodi da soyayyen jatan lande na kowa da kowa, da shayi mai ƙanƙara, daga aljihuna.

Da mutane suka watse na ce mata, "Zauna." Ta ce a ina? Na nuna mata kujerar wankin kai. Shekara bakwai tana shagona ban taɓa ganin wani ya taɓa kanta ba, kullum a ɗaure yake da ɗankwali, ita da ke gyara na kowa. Na wanke mata shi sau biyu, na shafa mai, na naɗe, na sa ta ƙarƙashin na'ura. Kafin minti biyar ta yi barci, baki a buɗe. Gashin ya bushe na kashe na'urar, na bar ta. Awa ɗaya da rabi ta yi.

Bayan kwana biyu muna ninke tawul na tambaye ta, da za a mayar da ita ranar da ta shiga ofishin mai jan farce, za ta sake sa hannu?

Ta ce ta tara duka, da uwar kuɗin da ruwan, abin da ta biya ya haura dubu ashirin da biyu. A shekara mai kyau yanzu, bayan ta cire haya da kaya, tana tashi da kamar dubu talatin da huɗu, ya ɗara na sito, amma sai da ta yi shekara biyar kafin ta kamo abin da ta bari a can, kuma inshora har yau daga aljihunta take saye. Cikin su goma sha tara da suka gama makarantar tare, huɗu kawai ta sani da ke riƙe da almakashi har yanzu.

"Aikin zan sake zaɓa," ta ce. "Takardar ce ba zan sa wa hannu a ranar ba. Da na ɗauke ta na kawo miki, ki zage ni, sannan mu nemi inda ya fi araha."

Haka take gaya wa duk yarinyar da ta zo tana son shiga sana'ar. Ba ta hana kowa. Takan ce su je kwalejin gwamnati su tambayi farashi tukuna, ko su nemi wadda za ta ɗauke su koyo a shago, kuma su nemi mutum uku da suka gama makarantar su tambaye su nawa suke samu, ba nawa aka ce za su samu ba. Keandra kuwa ta ce ita da gashin mutane har abada. Walda take koyo a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ana biyanta tana koyo, uwar tana faɗa wa kowa har an gaji da ji.

Yanzu Charmaine ta daina aiki ranar Litinin, ko Hargrove ya kira sai dai ya jira Talata da asuba. Ta sayi kujerar naɗewa da bokiti, tana tafiya bakin ruwa ta ɗaura wuyan kaza a zare tana kamun ƙaguwa. Ba ta iya ba sam. Makon jiya ta kawo min guda uku, ɗaya ma ba ta kai a ci ba, ta ajiye min a bakin ƙofa tana cewa in yi miyar kuɓewa in kira ta. Na ce da ƙaguwa uku? Ta ce in ƙara kuɓewa.